Ruwan fumfuna da idon jariri: tarihin maganin da ya fara nuna aikinsa a cikin ido

Rubutunmu na tarihi na wannan karon zai kai mu shekarar 1930, wani asibiti a garin Sheffield da ke arewacin Ingila. Kusan kowa a cikinmu ya san sunan penisilin, wasunmu ma sun sha allurarsa suna yara har suka kwana biyu suna ɗingishi. Amma kaɗan ne suka san cewa marasa lafiya na farko da takardun asibiti suka tabbatar wannan magani ya warkar jarirai ne, kuma ciwon nasu a ido yake. Abin da aka zuba musu a idon kuwa romon nama ne da fumfuna ta tsiro a kansa, aka tace. Likitan da ya yi wannan aiki bai sanar da duniya ba, sai bayan fiye da shekara 50 labarin ya fito fili.

Mun zaɓi wannan tarihi ne saboda ciwon da aka yi yaƙi da shi a lokacin har yau yana nan a unguwanninmu, kuma maganin da muka gada yana iya suɓuce mana idan muka ci gaba da wasa da shi.

Ciwon da ke makanta jariri kafin suna

Akwai ciwon da likitoci ke kira gonoriya, wanda muke cewa ciwon sanyi. Mu lura, mata kan kira abubuwa da yawa da sunan sanyi, amma wanda muke nufi a nan shi ne wanda ake ɗauka ta hanyar saduwa. Mace na iya ɗauke da shi wata da watanni ba ta ji komai ba. Ranar haihuwa, lokacin da jariri ke fitowa, sai ƙwayar cutar ta shiga idonsa. Bayan kwana biyu zuwa biyar fatar idon ta kumbura ta rufe ruf, mugunya mai kauri tana ɓulɓulowa, ana sharewa tana dawowa. Idan ba a yi gaggawa ba, cikin kwana ɗaya ko biyu ƙwayar na iya cin baƙin idon har ta huda shi. Yaro ya tashi makaho tun ba a yanka ragon sunansa ba.

A shekarar 1879 wani likita Bajamushe, Albert Neisser, ya gano ƙwayar bakteriyar da ke kawo wannan ciwo. Shekara guda bayan haka wani likitan haihuwa a birnin Leipzig na Jamus, Carl Credé, ya fara ɗiga wa kowane jariri ruwan wani sinadarin azurfa a ido da zarar an haife shi. A asibitinsa, kafin wannan dabara kusan jariri 10 cikin 100 ke kamuwa. Bayanta adadin ya sauko ƙasa da ɗaya cikin 100. Ya wallafa sakamakon a 1881, ƙasashe da dama suka ɗauka, wasu ma suka mayar da shi doka.

Sai dai ruwan azurfar rigakafi ne. Yana da zafi, yana sa idon ya yi ja, kuma idan cutar ta riga ta kama ba ya tabbatar da waraka. Ga shi kuma ba kowace haihuwa ake yi a gaban wanda ya san dabarar ba. Shi ya sa har farkon ƙarni na 20, a Amurka, kusan ɗaya cikin huɗu na yaran da ake kaiwa makarantun makafi wannan ciwo ne ya makanta su. Abin da ma'aikatan jinya ke iya yi wa jaririn da ya kamu shi ne su riƙa wanke idon dare da rana, mako da makonni, suna fatan baƙin idon ya tsira.

Fleming da farantin da ya yi fumfuna

Alexander Fleming ɗan Sikotilan ne, yana aiki a asibitin St Mary's da ke Landan. Tun kafin penisilin ya yi hulɗa da ido. A 1921 zuwa 1922 ya gano cewa a cikin majina da hawayen ɗan Adam akwai wani sinadari mai narkar da wasu ƙwayoyin cuta, ya sa masa suna laisozam. Don samun hawayen gwaji, shi da abokan aikinsa har ruwan lemon tsami suka riƙa matsawa a idanunsu. Sinadarin bai zama magani ba, domin ƙwayoyin da suka fi cutar da mutane ba sa jin sa sosai. Amma ya koya wa Fleming kallon farantin gwaji da neman inda ƙwayoyi suka narke.

A farkon watan Satumba na 1928 ya dawo daga hutu, ya tarar da wani farantin gilashi da ya shuka ƙwayoyin da ke kawo maruru ya yi fumfuna a gefe guda. Kewaye da fumfunar duk ƙwayoyin sun narke, na nesa da ita kuma suna nan lafiya. Fumfunar daga dangin da masana ke kira Penicillium take, 'yar'uwar mai shuɗi-shuɗin nan da muke gani a kan burodi ko lemon da ya kwana biyu. Sai ya raɗa wa ruwan da take fitarwa suna penisilin.

Me ya sa fumfuna ke yin irin wannan sinadari? Ita da bakteriya wuri ɗaya suke kiwo, abinci ɗaya suke nema, don haka take fitar da abin da zai kashe abokin takararta. Yadda yake kisan kuwa, kowace ƙwayar bakteriya tana da bango da ya kewaye ta, kuma duk lokacin da za ta rabu biyu sai ta ƙara gini. Penisilin yana hana tubalan bangon kama juna, kamar a ce magini yana jera tubali babu kwaɓi. Ruwa ya shiga, ƙwayar ta kumbura ta fashe. Ƙwayoyin jikinmu ba su da irin wannan bango, shi ya sa maganin ke kashe cutar ya bar mai ita.

Fleming ya wallafa bincikensa a 1929. A ciki ya ambaci cewa an wanke idon mutum da ruwan kowace awa na tsawon yini guda, bai yi masa zafi ko lahani ba. Matsalar ita ce ruwan ba ya ajiyuwa, cikin kwanaki kaɗan ƙarfinsa ke tafiya, kuma shi da mataimakansa sun kasa ware tsantsar maganin daga romon. A hankali hankalinsa ya koma kan wasu ayyuka.

Abin da ya faru a Sheffield

Cecil George Paine ya yi karatun likita a St Mary's, ya kuma san aikin Fleming. Yana ɗan shekara 25 yana aiki a ɗakin gwaje-gwaje na asibitin Royal Infirmary a Sheffield, sai ya roƙi Fleming ya aiko masa da irin fumfunar. Ya shuka ta a romon nama, ya bari ta yi shimfiɗa a sama, ya tace ruwan da ke ƙasa.

Ya fara gwadawa a kan maza masu ƙuraje da mugunya a gindin gashin gemu, tare da likitan fata na asibitin. Bai yi aiki ba. Ana ganin dalilin shi ne ƙwayoyin suna can cikin fata, ruwan kuma ba shi da ƙarfin da zai ratsa ya same su.

Daga nan ya nufi sashen ido, inda wani likitan tiyata mai suna Albert Nutt ya yarda a gwada. Ido wuri ne a buɗe. Ƙwayoyin suna saman fatarsa, ana iya ɗaga fatar a kwarara ruwan kai tsaye, a maimaita sau da yawa a yini. Ƙwayar ciwon sanyi kuma a wancan zamani ba ta taɓa haɗuwa da penisilin ba, ɗan kaɗan ma ya ishe ta. Takardar jinyar wani jariri namiji mai makonni uku, wanda idanunsa ke zubar da mugunya, ta nuna an fara sa masa penisilin ranar 25 ga Nuwamba, 1930. Cikin kwanaki kaɗan idanun suka washe, aka sallame shi.

Mutum biyar aka gwada wa a sashen ido, huɗu suka warke: jarirai uku da babban mutum ɗaya. Babban mutumin ma'aikacin mahaƙar kwal ne da ɓarɓashin dutse ya shige masa ido, ƙwayar da ke kawo ciwon nimoniya ta kama wurin. Likita ba zai iya yin tiyata a idon da ke da cuta ba, kuma a lokacin irin wannan ido cire shi ake yi. Aka yi ta wanke shi da ruwan fumfunar kimanin kwana biyu, cutar ta kau, Nutt ya samu damar yin aikinsa, mutumin ya tsira da idonsa.

Paine bai rubuta wannan a wata mujallar likitoci ba, bai kuma gabatar da shi a taro ba. Ba da daɗewa ba ya koma asibitin mata na Jessop a nan Sheffield, ya duƙufa kan binciken zazzaɓin da ke kashe masu jego. Da aka tambaye shi a tsufansa, dalilin da ya bayar shi ne ruwan da ya yi aiki da shi ɗanye ne, ƙarfinsa ba ya tsayawa wuri ɗaya, kuma marasa lafiyar ba su da yawan da za a kafa hujja da su. A 1932 wani farfesa ɗan Ostireliya, Howard Florey, ya zo aiki jami'ar Sheffield, Paine ya ba shi labarin da baki, amma maganar ba ta wuce nan ba. A wannan shekarar ma shi kansa Fleming ya warkar da ciwon idon wani ɗalibin likita, Keith Rogers, da ruwan fumfunar, har ɗalibin ya samu shiga gasar harbin bindiga da yake shiri. Shi ma ba a wallafa ba.

Sai a shekarun 1980 wasu masana biyu a Sheffield, Milton Wainwright da Harold Swan, suka binciko tsofaffin takardun jinyar jarirai biyu daga cikin waɗanda aka yi wa magani, suka zauna da Paine, suka wallafa labarin a 1986. Paine ya rasu a 1994. Ba za mu ce da ya rubuta a 1930 da nan take an samu penisilin a kwalba ba, domin wahalar tace shi tana nan. Amma da likitocin ido a wasu garuruwa sun karanta, romon nama da fumfuna ba abin da zai gagare su ba ne, kuma jarirai sun ci gaba da makancewa a shekarun da suka biyo baya.

Daga Oxford zuwa masana'anta

Kafin penisilin ya dawo, wani magani ya riga shi shiga kasuwa. A 1935 Gerhard Domagk na Jamus ya sanar da maganin farko na dangin salfa, a 1938 kuma aka fitar da ƙwayar M&B, wadda tsofaffinmu suka sani sosai. Waɗannan a masana'anta ake haɗa su, ba daga fumfuna suke ba. Sun taimaka wa masu ciwon sanyi da jariransu, amma cikin 'yan shekaru ƙwayar cutar ta fara jure musu.

A 1939 Florey, wanda ya koma jami'ar Oxford, da Ernst Chain, masanin sinadarai da ya gudo daga Jamus ta Hitler, suka ɗauko takardar Fleming ta 1929 suka duƙufa a kai. Wani matashi a cikinsu, Norman Heatley, shi ya ƙirƙiro hanyar zaro maganin daga romon. Yaƙin Duniya na Biyu ya fara, kuɗi babu, kayan aiki babu, har a tasoshin bahayar marasa lafiya suka riƙa shuka fumfunar. Ranar 25 ga Mayu, 1940, suka yi wa ɓeraye takwas allurar ƙwayar cuta mai kisa, suka ba huɗu penisilin. Kafin gari ya waye huɗun da ba a ba magani ba sun mutu, sauran huɗun suna raye.

Ranar 12 ga Fabrairu, 1941, aka fara yi wa wani ɗan sanda mai shekara 43, Albert Alexander, allurar maganin. Cuta ta ci fuskarsa da kansa, har an riga an cire masa ido ɗaya. Cikin yini guda zazzaɓin ya fara sauka. Maganin ya yi ƙaranci har sai da suka riƙa tace fitsarinsa suna zaro wanda ya fita su sake yi masa allura. Bayan kwana biyar ya ƙare ƙaf, cutar ta dawo, ya rasu ranar 15 ga Maris.

Ganin Ingila na fama da ruwan bama-bamai, a tsakiyar 1941 Florey da Heatley suka tafi Amurka, zuwa wani ɗakin binciken aikin gona na gwamnati a garin Peoria. A can aka gano cewa ruwan da ake jiƙa masara a masana'antar sitaci, wanda da ma ba a ɗauke shi da daraja ba, yana sa fumfunar ta ninka abin da take fitarwa. A 1943 kuma aka samu wata fumfunar da ta fi ta Fleming yawan magani a jikin wani ruɓaɓɓen shammam, ɗan'uwan kankana, daga kasuwar garin. Kamfanoni suka koma shuka ta a manyan tankuna. Zuwa watan Yuni na 1944, lokacin da sojojin ƙawance suka sauka a gaɓar Faransa, an tanadi allurai kusan miliyan 2.3.

Daga tsakiyar shekarun 1940 likitocin ido suka koma ɗiga wa jarirai tsantsar penisilin, ciwon da a da ake jinyarsa makonni ya koma na kwana ɗaya ko biyu. A 1945 aka ba Fleming da Florey da Chain kyautar Nobel. Sunan Paine bai fito ba, domin babu takardar da za a nuna.

Ƙwayar cuta ma tana koyon dabara

A jawabinsa na karɓar kyautar a watan Disamba na 1945, Fleming ya yi gargaɗi cewa lokaci na zuwa da kowa zai iya sayen penisilin a kanti, kuma wanda ya sha ƙasa da ƙima zai koya wa ƙwayoyin jikinsa jure maganin, ya kuma yaɗa su ga wasu. Da ma tun 1940 Chain da abokin aikinsa Edward Abraham sun gano cewa wasu bakteriya na fitar da sinadarin da ke tsinka penisilin kafin ya taɓa bangonsu. Zuwa 1948, a wani asibiti a Landan, wata likita mai suna Mary Barber ta nuna cewa fiye da rabin ƙwayoyin maruru da ake samu a jikin marasa lafiya sun daina jin maganin.

Ƙwayar ciwon sanyi ta ɗan jima tana ji, sai dai kowace shekara ana ƙara yawan allurar. A 1976 likitoci a Ingila da Amurka suka ba da rahoton irin da penisilin ba ya taɓa shi sam. Da aka bi sawu, aka ga iri biyu ne, ɗaya daga kudu maso gabashin Asiya, ɗaya kuma daga nan Afirka ta Yamma. Cikin 'yan shekaru suka bazu a biranenmu, inda mutum ke iya shiga kyamis ya sayi kafso biyu ya haɗiye ya tafi. Kafin ƙarshen shekarun 1980 an daina dogara da penisilin wajen maganin ciwon sanyi a yawancin ƙasashe. Ke nan maganin da ya buɗe idon jaririn Sheffield bai kai shekara 60 ba ya daina yi wa wannan ciwo aiki.

Fumfuna ta biyu, daga bakin magudana

Abin da ya maye gurbinsa shi ma daga fumfuna ya fito. Giuseppe Brotzu farfesan kiwon lafiya ne a birnin Cagliari da ke tsibirin Sardiniya na Italiya. Ya lura cewa matasa na wanka a teku kusa da inda magudanar ƙazantar birnin ke zuba, amma taifot ba ya kama su yadda ake zato. A 1945 ya ɗebi ruwan wurin, ya samu wata fumfuna a ciki mai hana ƙwayar taifot da wasu ƙwayoyi girma.

Halin da ya samu kansa ya yi kama da na Paine: ruwa ne ɗanye, kuɗin bincike babu, hukumomin ƙasarsa ba su kula ba. Shi sai ya rubuta abin da ya gani ya buga a wata 'yar mujalla ta cibiyarsa a 1948, ya kuma sa aka kai irin fumfunar Oxford. A can Edward Abraham da Guy Newton suka zaro sinadarin da ya zama tushen dangin magungunan da ake kira sefalosforin a 1953. Na farkonsu ya shiga kasuwa a 1964.

Daga wannan dangi aka samu seftiriyazon a farkon shekarun 1980. A yau shi ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a gaba ga jaririn da ciwon sanyi ya kama wa ido: allura ɗaya, gwargwadon nauyin jaririn, tare da wanke idon. Wani ɗan dangin, sefurokzim, shi ake sa wa a cikin ido a ƙarshen aikin cire yana. Wani babban bincike a Turai kan mutum fiye da 16,000, wanda aka wallafa a 2007, ya nuna hakan na rage haɗarin ruɓewar cikin ido bayan aikin kusan ninki biyar. Akwai kuma sinadarin fusidik, wanda masu bincike a Denmak suka zaro daga wata fumfunar a farkon shekarun 1960, ana yin maganin ɗigawa da shi don ƙwayar maruru idan ta kama fatar ido.

Ya kamata mu bambance wani abu a nan. Man shafawa na tetarasaikilin, da ruwan kuloramfenikol da muka fi sani, da azitoromaisin da ake rabawa don yaƙi da amosanin ido, asalinsu ba fumfuna ba ce. Tushensu wasu bakteriya ne da ke zaune cikin ƙasa. Amma nasarar penisilin ce ta ƙarfafa wa masana gwiwar tonon ƙasa har suka same su.

Seftiriyazon ma ya fara samun masu jure masa. An ga irin wannan ƙwayar ciwon sanyi a Japan a 2009, a 2018 kuma Ingila ta ba da rahoton wani mutum da ƙwayarsa ta ƙi jin manyan magunguna biyu da ake haɗawa.

Abin da ya rage gare mu

Na farko, kada wani ya karanta wannan tarihi ya ɗauko burodi mai fumfuna ya jiƙa ya kai ido. Fumfuna iri-iri ce, mafi yawanta ba ta yin penisilin. Wata guba take fitarwa, kamar wadda ke kama gyaɗa da masarar da ba su bushe ba. Wata kuma ita da kanta take cin baƙin ido, musamman ga manomin da kara ko ƙaiƙayi ya soke shi. Paine ya yi aiki ne da irin da ya sani, a ɗakin gwaji, a lokacin da babu wani zaɓi.

Na biyu, jaririn da idonsa ya kumbura ko yake fitar da mugunya a watan farko, a kai shi asibiti a ranar. Kada a tsaya ɗiga nono, ko sa kwalli, ko jiran a ga abin da gobe za ta yi, ko jiran a wuce suna. Kuma idan likita ya ce a duba uwa da uba a yi musu magani, a yarda. Mun san maganar na da nauyi a tsakanin ma'aurata, amma idan ba a yi wa su biyun ba cutar za ta dawo, haihuwa ta gaba ma a sake. Masu haihuwa a gida kuma, a tambayi ungozoma ko ma'aikaciyar lafiya maganin idon da ake sa wa jariri da zarar ya faɗo, wanda shi ne dabarar Credé a sabon salo.

Na uku, ba kowane jan ido ne ke buƙatar waɗannan magunguna ba. Apolo, wanda ya ɓarke a Akra ta ƙasar Gana a 1969, shekarar da kumbon Apollo 11 ya sauka a wata, ya kuma iso Legas ba da jimawa ba, bairos ne ke kawo shi. Bairos ba shi da bangon da penisilin zai rusa. Yawanci yakan tafi da kansa cikin mako ɗaya ko biyu, abin da ake buƙata shi ne tsabta, wanke hannu da raba tawul. Masu wanke ido da fitsari lokacin Apolo su sani cewa ta wannan hanya ƙwayar ciwon sanyi kan shiga idon babba, ta mayar da ciwon mako guda makanta ta har abada. Idan akwai zafi mai tsanani, ko gani ya ragu, ko mugunya ta yi kauri, likitan ido za a nema.

Na huɗu, kafson nan ja da baƙi da muke saye biyu-biyu, da Ampiclox na ɗigawa da wasu ke ba jariri a baki ba tare da likita ya rubuta ba, duka jikokin fumfunar Fleming ne. Duk lokacin da muka sha su babu dalili, ko muka daina da zarar mun ji sauƙi, muna yin abin da ya yi gargaɗi a kai tun 1945. Wanda zai biya bashin yana iya zama jaririn maƙwabci, ko namu, ranar da za a yi masa allura ta ƙi aiki.

Idan akwai ma'aikatan lafiya a cikinmu, muna roƙon su ƙara wa 'yan'uwa bayani, musamman kan asibitocin da ke da sashen ido a garuruwan da muke zaune. Wanda kuma ya san mai ciki ko mai jego, ya karanta mata sashen ƙarshe na wannan rubutu. Allah ya ƙara mana lafiya, ya raya mana zuri'a.